Kwana Goma a Bayan Shinge

A Greenville ta Ohio, ranar Laraba,
masara ta wuce kafaɗa, rana ta ƙi faɗuwa da wuri.
Ni na ɗaura wa Akawal kayansa,
na ja majayi, na latsa tayoyin keke,
na miƙa wa Merle Brubaker kamazuru.
Shekara sittin da ɗaya, gwiwa ɗaya ta ƙarfe.
Bai ce komai ba. Da ma ba ya cewa.

Doki takwas, keke takwas a bayansu,
doka kuwa ba ta da tsawo:
sassarfa, ban da sukuwa,
kuma kowa ya bar wa kowa layinsa.

Kwanar ƙarshe. Ina jikin shinge da bokiti.
Corinne Detweiler na ciki, goɗiyarta bidi tana cin ƙasa,
Merle na waje, tsakaninsu taku ɗaya.
Sai na ga hannunsa na hagu ya ɗan sauka,
kaɗan,
kamar mai korar ƙuda daga bakin kwano.
Taya ta shafi kofato.
Goɗiya ta watsar da sassarfa ta faɗa sukuwa,
kai a sama, kumfa a baki,
shida suka wuce ta kamar ruwa ya wuce dutse.

Akawal ya zo na ɗaya.
Ba a gama tafi ba fitilar allo ta soma ƙiftawa,
masu tikiti suka mai da murnarsu aljihu.

Ɗakin alƙalai bai fi rumfar mai shayi ba.
Matakala goma sha bakwai, fanka mai kuka,
mutum uku da kofi da ya huce.
Ni a bakin ƙofa, riƙe da hular kwanonsa.
Sau huɗu suka mai da faifan baya,
sau huɗu taya ta sake neman kofaton nan
sannu a hankali, kamar ana tilasta mata.

"Ita ta fito," in ji Merle.
Babbarsu ta cire tabarau ta ajiye.
"Doki bai karanta doka ba, Merle. Kai ka karanta."
Aka mai da shi na takwas, bayan wadda ya tare.
Tara dala ɗari uku. Kwana goma ba hawan keke.
Ya sa hannu har biro ya huda takarda.

A matakala ta tara ya tsaya.
"Jatau, kai ka gani?"
Albashina na aljihunsa,
ɗakin kwanana na saman bargarsa.
Na ce na gani.
"Me ka gani?"
"Hannun hagu."
Ya sauka sauran takwas bai waiwayo ba.

Akwai abin da faifai bai ɗauka ba.
Tana 'yar shekara goma sha biyu
shi ya fara ɗora ta a keke, a filin bayan gidansa,
yana tafe a gefe yana ɗingishi yana faɗa:
riƙe layinki ko da ƙasa za ta tsage.
Ta kuwa riƙe.

Da dare, bayan an kashe fitilun fili,
na hango shi da kwalbar man zafi da bandeji,
ya nufi barga ta uku.
Corinne na zaune kan damin ciyawa, ba ta tashi ba.
Ya durƙusa da gwiwar ƙarfen nan,
ya bi ƙafar goɗiya da tafin hannu
daga gwiwa har kofato, ya sake bi.
"Babu zafi," ya ce.
"Ka yi sa'a," ta ce.
Goɗiya ta ci gaba da tauna.

Yau kwana na huɗu.
Wani yaro ne ke jan Akawal, yana yi masa garaje.
Merle na gefena a bayan shinge,
shi ya karɓi bokitin, ban roƙe shi ba.
Duk sanda suka iso kwanar nan
sai in ga ya cusa hannun hagu a aljihu.