Garwashi a Cikin Shuni

Ƙarfe biyun dare a Gadon Ƙaya,
an ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Cajin kwamfutata saura ƙiris,
ina jiran hoto ya sauko
daga madubin leƙen sama da aka kafa
a kan wani dutsen da ban taɓa takawa ba.

Na farko ya iso: gajimare ne, shuɗi shar,
kamar ƙyallen da aka tsamo yanzu a Ƙofar Mata,
aka shanya, bai ko tsane ba.
Malam Garzali ya faɗa mana a aji
cewa shuɗin nan ba nasa ba ne.
Ƙura ce ke tare hasken wani tana mayarwa.
An ce kayan aro ba ya rufe katara,
to wannan dai ya rufe,
har mai kayan ya ɓace a ciki.

Sai na sauya ido.
Akwai wani haske a bayan ja,
can inda muke zaton bakan gizo ya ƙare.
Ƙwayar ido ba ta kama shi,
fata ce ke jin sa.
Shi ƙura ba ta tsare masa hanya,
ratsawa yake, ba sallama.

Hoto na biyu ya buɗe layi-layi,
ga shi nan a tsakiya, ɗigo ɗaya, jawur.
Shekararsa dubu ɗari biyar, wai jariri ne,
bai yaye ba, yana tsotson gajimaren da ya haife shi,
yana tumbuɗi ta sama da ta ƙasa.

Na tuna Gwaggo Tasalla a Jakara.
Da asuba takan tsaya bakin tanderu,
toka ta lulluɓe komai, fari fat,
ni ina cewa wuta ta mutu.
Ba ta tankawa.
Bayan hannunta take miƙawa, ta ɗan dakata,
ta ce, "Tana nan. Miƙo min ƙirare."
Shekara arba'in tana gasa gurasa
da ilimin da nake biya wa kuɗin makaranta.

Na buga lissafi a bayan takarda:
hasken nan ya baro gida
wataƙila maƙera na narka tama a gindin Dala,
ba a ɗora ƙasar badala ba tukuna.
Duk tsawon tafiyar nan
don ya faɗo a ɗakin haya, kusa da kofin shayi.

Ina cikin rubuta lambar zafinsa
allon ya yi ƙif.
Duhu. Sauro. Janareton maƙwabta ya yi tari ya yi shiru.
Na ɗora tafin hannu a kan kwamfutar,
da sauran ɗumi.

Ladanin unguwa ya gyara murya.
Can Jakara, na sani, an riga an tone toka.