Taga ta Huɗu Daga Hagu

Gida arba'in da biyu ƙungiyar ta gina
a bayan tashar jirgin Altstetten.
Mu kusan dubu biyu muka nema.

Ranar gani na bi layi cikin yayyafi,
muka ɗaura leda a takalma
kada mu ɓata daɓen da ba namu ba.
Ladina ta auna bangon ƙaramin ɗaki da hannuwanta,
ta ce, "Nan gadona."
Na ce ta rage murya.

Da dare takarda ta tambaye ni:
me za ki kawo wa maƙwabta?
Na rubuta: na iya allura, ina shuka tumatir.
Na goge. Na sake rubutawa.
Ban faɗi cewa za a rushe gidan hayarmu a watan Maris ba.
Kowa a layin nan da nasa Maris.

Shiru. Ko wasiƙar haƙuri.

In bas ya bi ta wajen, ƙirga tagogi nake.
Hawa na uku, ta huɗu daga hagu:
jiya wani ya rataya labule.
Ladina ta daɗe tana kallo,
ta ce ruwan ɗorawa bai dace da ɗakinta ba.