Sisin Alhamis

A Halifax, shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa,
sai da aka cire tagar ofis kafin ta shiga.
Ƙarti shida, igiya biyu, gumi da ashar,
akwatuna masu ruwan toka, kowanne ya fi ni tsawo.
Muka yi cirko-cirko, shayinmu ya huce.

Dennis injiniya, yaron da gemu bai san shi ba,
ya ce yayarta kwalabe ne a cikinta,
dubbai, suna ci kamar fitilu,
ɗakin ya yi zafi kamar gidan burodi,
yau ɗaya ta mutu, gobe uku.
Ya buɗe tafin hannunsa: "Ga wadda ta gaje su."
Ƙwayar wake ce mai ƙafa uku.
Tiransista.
Ba ta zufa, ba ta neman hutun rana.

Mista Barraclough bai ce uffan ba.
Shekara talatin da ɗaya yana lissafin albashi,
ma'aikatan masaƙa ɗari tara,
fam, sule, kwabo,
kowace Alhamis har agogon coci ya buga goma.
Tawada ta yi gida a ɗan yatsansa.
Ya juya waken nan, ya mayar, ya goge tabarau.

Ni aka ba kati, in huda.
Kowane mutum ya koma ramuka:
mai tari, mai bashi, mai 'ya'ya bakwai.
Na iya su da ka kafin hunturu ya fita.

Ranar gwaji aka haɗa su, shi da ita.
Kafin butar shayi ta tafasa ta gama.
Shi kuwa sai dare.
Aka jera takardu biyu kan tebur,
suka yi daidai layi bayan layi,
sai wuri ɗaya.
Sisi.

Dennis ya kwana yana bin wayoyi da tocila.
Manaja ya ce inji ba ya ƙarya.
Gaskiyarsa.

Lamba ɗari huɗu da sha biyu, Edna Sutcliffe,
wadda injin ulu ya ci wa yatsu biyu,
saƙarta ta ragu, kuɗinta ya ragu,
amma ambulan ɗinta bai taɓa sani ba.
Shekara tara alƙalamin tsoho yana tuntuɓe
a kan suna ɗaya.

Aka yi masa walima, aka ba shi agogo.
Ya ɗauki lemarsa ya bi gangaren tasha.

Yanzu ni da ita muke kwana,
tana gunaguni ƙasa-ƙasa kamar mage,
tana haɗiye kati ɗari cikin ƙiftawar ido.
Ba na jin haushinta.
Abin da aka huda mata shi take faɗa.

Shi ya sa duk Alhamis,
in Dennis ya fita shan taba,
nakan zaro kati ɗaya daga tsakiya
in ƙara masa rami.