Sunaye Goma Sha Tara

Saƙon ya shigo ina ɗauraye kofin shayi:
"Dakta Mansura, barka, an ambaci takardarku sau dubu."
Dubu.
Na kife kofin, na zauna bakin gado.
Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya, an ɗauke wuta,
ya rage ni da hasken waya a tafin hannu.

Sunaye goma sha tara ne a goshin takardar,
nawa na uku.
Akwai mutumin Dakar, da ban taɓa ganin ƙafarsa ba,
kai da kafaɗa kawai a allon kwamfuta,
muryarsa na tsinkewa kamar tsohon zare.
Akwai 'yar Ibadan, da muka yi cacar baki kan jadawali na biyu,
kwana tara ko sallama babu,
sai ga gyaranta da tsakar dare, kuma ita ce da gaskiya.
Har yau ban faɗa mata ba.

To, Tasi'u fa?
Shi da ya ɗauko akwatin sanyi a adaidaita sahu
tun daga Kurna, ana tsakiyar dokar kulle,
shinge bakwai, kowanne sai ya sauka ya nuna takarda,
ga azumi, ga rana na gasa kwalta,
ƙanƙara na ɗiga tsakanin ƙafafunsa
yana lallashin ta: yi haƙuri, mun kusa Gyaɗi-Gyaɗi.

Malam Ila mai haƙar kabari fa?
Bai yi boko ba.
Da gawayi yake jan layi a jikin katanga,
layi ɗaya, mutum ɗaya,
wai kada magariba ta yi ya manta adadin waɗanda zai yi wa addu'a.
Na tsuguna na kwafe katangar a littafina.
Ita ce hoto na huɗu,
lanƙwasar nan da ake haskawa a manyan taruka
masu kwat na gyaɗa kai.
Damina ta zo ta wanke asalin.

Sai Sista Tabawa,
mai zura tsinken auduga a hancin mutane
ana harararta, ana cewa ai korona cutar masu hawa jirgi ce.
Kwana arba'in tana shimfiɗa tabarma a ɗakin ajiyar magani
don kada ta kai wa tsohuwarta.
Kwalba ta ɗari biyu da sha biyu tata ce.
Ni na ga sakamakon.
Ni na rubuta shi a layinsa, da shuɗin biro, kamar na kowa.
A takarda ta zama "ma'aikaciyar lafiya, shekara arba'in da ɗaya."
A katangar Malam Ila akwai layinta,
ban san wanne ba ne.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka ne.
Amma in an ɗora, an shiga inuwa,
wa ke komawa ƙirga hannuwa?

Da safe na gaya wa Inna, tana tankaɗe.
Ta ce, "Su wa ke ambaton ki?"
Na ce masu bincike, a ƙasashe.
"Da alheri dai?"
Na ce yawanci. Wasu don su nuna inda na yi kuskure.
Ta buga rariya a gefen ƙwarya.
"Ashe sun karanta. Kin karya?"

Ƙarfe takwas ina ƙofar ɗakin gwaji.
Yanzu mashaƙo ne, maƙogwaron yara,
wasu kwalabe, wasu lambobi, janareta dai shi ne na da.
Tasi'u na jingine da adaidaitarsa, furfura ta fara leƙowa a gemu.
Na ce, "Aikinmu na shekarar nan ya kai dubu."
Ya ce, "Naira?"
Na yi dariya har takunkumi ya zame.
Na buɗe baki zan fara bayani,
ya miƙo mini littafi da biro:
"Sa hannu tukuna, Dakta.
Ƙanƙara na narkewa."