Ruwa Kyauta, Guga da Haya

A bene na tara a Shenzhen, inda fanka ke tarin tsufa,
Qiao Lanfen ta jera tebur goma sha ɗaya.
'Yan mata na ɗaura sukurori ƙanana kamar riɗi,
warin dalma ya kama gashi, ya kama riga.
Abin da suke haɗawa ba na masu mota ba ne,
ɗan dako da mai tallar kifi su za su saya.

Ran wayar kyauta ta samo shi.
Dubban hannaye da ba su san juna ba suka haƙa manhajar,
suka bar bakinta a buɗe, ba ƙofa, ba mai gadi,
kowa ya zo da ƙishinsa ya tarar da rijiya.

Sai ranar Talata, ana ruwan sama,
ambulan ta iso, fara ƙal, mai nauyin bulo,
shafi arba'in da hatimin lauya.

Wai ruwan naku ne, ku sha.
Amma yadda waya ke gaida turken sadarwa, namu ne.
Yadda hoto ke tsuke ciki ya shiga kati, namu ne.
Har jan yatsa a kan gilashi mun yi masa rajista.
Kowace ɗaya ta bar benen nan, sai ta biya.

Lanfen ta ture kwanon taliyarta, ta jawo na'urar lissafi.
Ribarta yuwan shida ce a kan kowace waya.
Suna neman tara.
Ta sake dannawa, ko lamba za ta ji kunya.

Ɗan ƙanwarta, Dou Wenhai, mai tabarau ɗaure da zare,
ya kwana uku bai ga gado ba.
Shayi ya huce, ya ɗumama, ya sake hucewa.
Yana bin layukan manhaja kamar mai ratsa gonar wani,
yana neman inda shinge ya ƙare
ya fitar da sabuwar hanya.

Biyu ya kewaye.
Da asuba ya mayar da gyaran inda ya ɗebo,
don wani a Dhaka ko Lima kada ya taka wannan ƙaya.

Na ukun ya ƙi.
Turke ba ya jin wani yare sai nasu,
waya kuwa in ba ta gaida turke ba, madubi ce.
Lanfen ta sa hannu, alƙalamin na mata nauyi,
ta cire abin sauraro daga kwali,
ta rage wa batir kwana ɗaya.

Yanzu a wani gaɓar teku da ba za ta taɓa gani ba
wata mata na laluben caji tun la'asar,
tana tsine wa wanda ya ƙera wannan abu,
kifinta na jiran ciniki,
ɗanta na can cikin jirgi yana jiran murya.