Ɗari Cikin Tsumma

A Tudun Hatsi rumfata take, layi na uku,
tsakanin mai auna wake da mai ɗinkin buhu.
Iri nake sayarwa.
Kafin damina nakan ƙirga ƙwaya ɗari,
in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, in ajiye gindin randa.
In tamanin suka fasa baki, in ce wa manomi ɗauka.
In ba su kai ba, na masu tuwo ne.
Shekara ashirin ban yi wa ƙasa ƙarya ba.

Ranar wata Talata aka gwada nawa.
Suka ba ni 'yar kwalba, suka nuna min ƙofa,
na fito ina kallon takalmina.
Yaron da ke duba na'urar ya daɗe a sunkuye,
ya goge gilashi, ya sake sunkuyawa.
Na san wannan jinkirin.
Haka nake yi in na warware tsumma
na tarar ba ko ɗaya.

Sau uku. Sannan aka ɗebi jini aka aika nesa.
Da takarda ta dawo, Dakta Lamela ya kifa ta,
ya zana sanduna biyu a bayanta,
ɗaya doguwa, ɗaya gajeruwa.
Ya ce doguwar daga uwarka take,
gajeruwar daga ubanka, ita ta mai da kai namiji.
Ya ɗora biro kusa da ƙarshenta:
nan akwai 'yan layuka da ke koya wa jiki yin iri.
A taka babu su.

Na ce likita, goma sha ɗaya mahaifina ya bari a Kumo.
Ta ina zan gaji babu daga mai akwai?
Ya ce ba gado ba ne irin na gona,
tsallake aka yi wurin kwafa, tun kana ɗigo.
Sai na tuna basillar maƙwabcina
in ta tsallake ɗinki uku a gindin buhu:
buhun ya tsaya, ya cika, ya yi kyan gani,
har a ɗora shi a mota ba wanda ya sani.
Ba sammu ba ne, ba sanyin mara ba,
ba wani abin da na ci ko na aikata.

Shekara tara Hansatu na shan sassaƙe.
Ta je Dukku, ta je Bajoga, ta tsuguna kan hayaƙi,
an wanke mata mahaifa har sau biyu.
Gwaggona kan dubi cikinta kafin ta amsa gaisuwa.
Ni kuwa ina biyan kuɗin mota
ina cewa na yi ƙoƙari.

Na sauka tun kafin Pantami, na taka sauran da ƙafa.
Na same ta tana tace jiƙon la'asar.
Na karɓi kwanon, na kurɓa.
Ashe haka yake.
Har cikin kunne na ji ɗacin.

Na faɗa mata duka, har da sandunan.
Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauraye rariya, ta rataye.
Na ce in kina son tafiya ba zan tare hanya ba.
Ta ce kar ka tambaye ni wannan yau,
shekara tara ba a amsa ta a tsaye.
Amma Gwaggo, da bakinka za ta ji.
Na ce gobe.
Ta miƙo min hulata.

Da safe na warware tsumman masara,
tamanin da bakwai sun fito, farare, kamar haƙoran jariri.
Wani dattijo daga Kwami ya auni tiya huɗu,
yana ɗaure bakin leda yana cewa,
Malam Bappayo, irinka ba ya ƙin fita.
Na ce Allah ya ba da damina.
Na ƙirga masa canjinsa daidai.