Farashin Farfela

A bayan gidanmu, can Morabiya,
inda layin dogo ya gaji ya tsaya,
kakana Jaromir ke sassaƙa wa iska wuƙa.

Falle bakwai na katako,
shekara shida suna kwance a rumfa suna shan inuwa.
Yakan ƙwanƙwasa kowanne da gaɓar yatsa
ya kara kunne.
Wanda ya amsa da muryar mai mura,
murhu ne makomarsa.

Sauran ya shafe su da gam,
ya ɗaure su tamau kamar 'yan uwan da aka sasanta,
kwana uku ba mai taɓa su.
Sannan gizago, sannan magagari,
sannan tafin hannu,
don ido yakan yi ƙarya, in ji shi,
amma fata ba ta iya ba.

Ni ce mai riƙe littafin kuɗi.
Ludmila, rubuta gam. Ludmila, rubuta tagulla.
Ban taɓa jin ya ce in rubuta ciwon baya ba.

Ranar Talata, ƙanƙara na narkewa,
Radim ya shigo da taɓo a takalmi,
mai ƙaramin jirgi mai kujera biyu
da yake yawo da baƙi bisa gonakin inabi.
Ya ji kuɗi, ya cire hula ya sosa ƙeya.
Koruna dubu ashirin da huɗu? A kan itace?
Ta kamfani ba ta kai haka ba,
kuma gobe-gobe za a kawo min ita a kwali.

Kaka bai taya ba, bai ce albarka ba.
Ya ɗora farfelar a kan ƙarfen awo,
ta miƙe sambal, fiffike biyu ba mai raina wani.
Ya ciro kan sarki daga aljihu,
ɗan mitsitsi, na aika wasiƙa,
ya ajiye a bakin fiffiken dama.
Muka yi shiru.
A hankali, kamar tsohuwa za ta zauna,
daman ya sunkuya.

Radim ya ce, na gani. Amma a karanta min lissafi.
Na karanta: katako, gam, tagullar baki,
man ƙyalli shafi tara, awa sittin da ɗoriya.
Ya haɗa a ka, ya ce da saura dubu biyar,
ina suka shiga?

Kaka ya nuna murhu da haɓa.
Yayyenta biyu ne a ciki.
Ɗaya na sami gaɓa a cikinta ranar gamawa,
ɗaya ban sami komai ba,
hannuna ne kawai ya ƙi ta.
Ɗumin da kake ji a ƙafarka yanzu,
shi kake biya.

A bango akwai rabin farfela, baƙa, mai tsage.
Ba ya zancenta.
Ni dai na san Oldrich, abokinsa,
ya sauka da ita a gonar dankali shekara arba'in baya,
har yau yana jan ƙafar hagu,
har yau kuma kaka ke kai masa itacen hunturu.

Radim ya daɗe yana kallon bangon.
Ya ƙirga rabi a kan teburi,
ya ce saura sai an tsinke inabi.

Asabar muna shan miya,
wani ruri ya taso daga bayan tudu.
Cokali ya tsaya a hanyar baki.
Kaka ya lumshe ido, ya karkata kai
yadda yake wa katako.
Ƙarar ta bi ta kan rufi, santsi, babu gargada,
ta yi nisa, ta zama ƙuda, ta ɓace.

Ya kai cokalin baki.
Ludmila, rubuta an biya.

Na ce, Kaka, rabi fa.
Ya ce, miƙo gishiri.